Setsu Mai Shuɗiyar Laima

Duk gidan da ka shiga a Urashiba za ka tarar da hoton nan a rataye, ko na ainihi da aka buga da katako, ko wanda aka yanko daga kalanda. Gari ne kwance ƙarƙashin ƙanƙara, rufin gidaje sun yi fari fat, teku ta yi baƙi ƙirin, ga doguwar katangar dutse mai tare igiyar ruwa. Can ƙarshen katangar wata mace ta ba da baya, tana riƙe da shuɗiyar laima mai farin zobe. Baƙi sukan tsaya gabansa su yi ajiyar zuciya, su ce ba su taɓa ganin natsuwa irin wannan ba. Matar, in ji mutanen gari, Setsu ce matar Genzo. A safiyar da ake magana kuwa, babu wanda ya kai ta tafasar zuciya a duk tsawon gaɓar.

'Yar manoma ce daga Kamidani, wani ƙauye a bayan dutse. Ba wanda ya sa ta auren Genzo. Ita ta gan shi a bikin tsakiyar zafi yana rera waƙar masunta, ta kafe sai shi, har ubanta ya gaji ya ce ta je ta gani. Ta kuwa gani. Muryar tana nan yadda ta ji ta, kyawun fuskar ma bai ragu ba, sauran abubuwan da ake nema wajen namiji ne aka yi ta dubawa ba a samu ba.

Genzo masunci ne, amma sai ranar da teku ta kwanta kamar tabarma. Da sanyi ya kama, mazan Urashiba kan ɗaure kaya su tafi ci-rani, wasu gidajen dafa giyar shinkafa, wasu gidajen wanka na Tokyo, ba su dawowa sai ƙanƙara ta narke. Shi kuwa yana da wani ciwon baya mai sanin lokaci. Ranar da ƙanƙarar farko ta sauka yake zuwa, ranar da itatuwa suka fara fure yake tafiya. Uwarsa, Inna Tome, ta yarda da ciwon nan fiye da yadda ta yarda da fitowar rana.

Saboda haka Setsu ce ke hawa rufi. Wanda ya zauna a wannan gaɓar ya san in ka bar ƙanƙara ta kwana biyu a kan gida, ginshiƙai za su fara kuka, in ka ƙara yin sakaci su sauko maka a ka. Ta yi tallan busasshen kifi da safe, ta dawo ta ɗauki shebur ɗin katako ta hau, ta yi ta yanka tana jefarwa, kafin ta gama gefe ɗaya sama ta mayar da abin da ta kwashe a ɗayan.

A sanyi na uku da aurenta, wata safiya, ƙafarta ta zame. Ta gangaro daga rufin ta faɗa cikin tulin da ita kanta ta tara a bayan gida, ta nutse har wuya. Tana cikin fafutukar fitar da hannu, sai ta ji an ja taga. Genzo ya leƙo, bargo a kafaɗa.

"Af, Setsu, ashe ke ce kika faɗo? Na ɗauka ƙanƙara ce." Ya ɗan dube ta. "To tunda kin riga kin sauko, ko za ki ɗora mana miya?"

Ta tono kanta, ta shiga ɗaki, ta ƙulle 'yan tufafinta a ɗankwali ta goya. A bakin ƙofa ta ga laimar Inna Tome, wadda wani ɗan'uwa ya kawo mata tsaraba daga birni, wadda ba a buɗe ta sai ranar biki ko jana'iza. Ta fizge ta, don dai ta bar wa tsohuwar abin baƙin ciki ita ma.

Hanyar Kamidani ta bi ta bakin teku ne, ta kan katanga. Da Setsu ta kai ƙarshen katangar sai ta tarar babu hanya. Ƙanƙara ta gangaro daga dutse ta binne ta gaba ɗaya. Nan ta tsaya, gaba babu, baya kuwa gidan Genzo. Ta buɗe baki ta fara. Ta zagi Genzo, ta zagi bayansa, ta zagi muryarsa da kunnen da ya saurare ta. Ta bi kakanninsa ɗaya bayan ɗaya, waɗanda ta san sunansu da waɗanda ba ta sani ba. Ta juya kan teku, ta juya kan sama. Iska ta kwashe yawancin zagin, amma Fude mai awara, wadda shagonta ne na ƙarshe a layin, ta ji abin da ya ishe ta ajiye ludayi ta riƙe ciki don dariya.

Da yatsun ƙafarta suka daina jin komai, Setsu ta juya gida. Ta tarar Genzo a inda ta bar shi, ƙafafu a ƙarƙashin teburin garwashi.

"Kin daɗe," in ji shi. "Awara kika je saye?"

A wannan makon akwai baƙo a masaukin gari, wani mai zane daga Tokyo, Malam Isogai. Ba Urashiba ya nufa ba, ƙanƙara ce ta tsayar da jirgin ƙasa, ya maƙale. Masu masaukin sun tuna shi da abu biyu: bai fita waje ko sau ɗaya ba, kuma kullum yana neman ƙarin garwashi. Da aka buɗe hanya ya tafi, aka manta da shi.

Sai da kaka ta zagayo, wani ƙunshi ya iso masaukin. Hoton ne, an sassaƙa shi a katako an buga launi bisa launi a takarda mai laushi. A gefe an rubuta sunansa: Mai Jiran Jirgin Mijinta, Urashiba. Matar mai masauki ta duba sau ɗaya ta ce, "Wannan ai laimar Inna Tome ce." A garin kaf babu irinta, kuma kowa ya san tsohuwar ba ta taka waje cikin sanyi. Sai aka tuna wa aka gani da ita.

Dariyar da aka yi a Urashiba ranar, an ce har karnuka sun tsorata. Jiran jirgin Genzo? A tsakiyar sanyi, lokacin da jirginsa ke kife a kan tudu an ɗaure shi da igiya? Mata suka riƙa tare Setsu a rijiya suna tambaya ko jirgin ya iso. Fude ta ce ita ma tana nan lokacin, ta ji addu'o'in da aka yi wa mijin, ba ta taɓa jin masu ƙarfi irinsu ba.

Amma hoton ya karɓu. Mutanen Tokyo suka saya, Turawan da ke sauka a tashar jiragen ruwa ta Yokohama suka saya, aka yi ta sake bugawa. Wata jarida ta yi rubutu a kan haƙurin matan gaɓar arewa, ta sa hoton a tsakiya. Da sanyi ya dawo sai ga baƙi da manyan riguna suna sauka daga jirgin ƙasa, suna tambayar ina katangar take, ina matar take. Masauki ya cika, Fude ta ƙara tukunya. Dariyar gari ta fara raguwa, har wata rana aka wayi gari babu mai yin ta.

Magajin gari, Kurata, ya zo gidan da kansa, ya durƙusa a kan tabarma ya yi gaisuwar da bai taɓa yi wa matar masunci ba. Ya ce gari na alfahari da ita.

"Ranka ya daɗe," in ji Setsu, "ni fa yaji na yi. Gidanmu na nufa, hanya ta toshe."

Kurata ya waiga ya ga ko ƙofa a rufe take. "'Yar nan, wannan maganar ta tsaya a ɗakin nan. Tun da aka kafa Urashiba ba a taɓa sa sunanta a jarida ba sai in jirgi ya nutse. Yau an ambace mu da alheri, ke kuma kina maganar yaji?"

"To ai gaskiya ce."

"Gaskiya ce a wancan lokacin. Yanzu an buga."

Inna Tome, da ta yi shekara ba ta yafe satar laimar ba, ta ce daga lungu, "Ni na ba ta aro. Na ce mata, je ki duba mana yaron nan."

Wanda abin ya fi karɓa shi ne Genzo. Tunda akwai mai jira, dole akwai wanda ake jira. Ya fara zama a zauren masauki da yamma, baƙi na saya masa giya yana ba su labarin ranar. Da farko iska ce kawai mai ƙarfi. Bayan shekara biyu igiyar ruwan ta kai tsayin rufin haikali, sandar tuƙi ta karye, shi kaɗai ya rage a tsaye, kuma abin da ya nuna masa hanyar gida shi ne ɗigon shuɗi a kan katanga. Yakan rufe da waƙa. Matan birni sukan share hawaye da bakin hannun riga. Masuntan gari, da suka san inda yake kwance a ranar, sukan gyaɗa kai, don su ma ana zuba musu.

Setsu kuwa ta shiga wani irin kurkuku mara ƙofa. Yaji dai ya ƙare, don uban nata da kansa ya rataye hoton a ɗakinsa a Kamidani, yana nuna wa maƙwabta irin tarbiyyar da ya yi. In ta ɗaga murya a kan Genzo, sai maƙwabciya ta leƙo ta ce, "Haba Setsu, ke fa ce ta hoto, akwai baƙi a layi." Ta koyi rufe tagogi kafin ta fara. Abin da ya fi ci mata rai shi ne amaren gari. Duk surukar da ta so muzanta matar ɗanta sai ta ce, "Dubi Setsu." Yaran matan suka tsane ta, suna gaishe ta da ladabi suna harararta ta gefe. Ita da ta fi kowa sanin abin da ke cikinsu, ba ta samu wadda za ta zauna ta yi gulmar miji da ita ba sai Fude.

"Ki gode," Fude takan ce, tana yanka awara. "Ni nawa mijin ya fi naki lalacewa, ko zanen alli ba a yi min ba."

A cikin shekarun nan ta haifi Mitsue, ta haifi Shozo, Inna Tome ta rasu, aka kai laimar ofishin magajin gari aka sa a akwatin gilashi. Rufi dai Setsu ke hawa.

Da yaƙi ya zo, aka kwashe samari, ƙungiyar mata ta lardi ta tuna da ita. Aka sa mata farin gyauton aiki, aka tsayar da ita a makaranta gaban matan sojoji, aka ce ta koya musu jira. Ta dubi fuskokin, yawancinsu ba su kai ashirin da biyar ba, wasu da goyo. Duk abin da aka haddace mata ya gudu.

Ta ce, "In za ku tsaya a katanga, ku sa safa biyu. Kuma kada ku daɗe, babu abin da tsayuwar ke kawowa sai mura."

Ta zauna. Sai shugabar ƙungiyar ta miƙe ta ce wannan ita ce hikimar matan ƙasa, wato a kula da lafiya don a yi wa ƙasa aiki. Aka tafa. Wata yarinya daga cikin matan ta biyo ta har waje, ta kama hannunta ta matse. Wannan ne kaɗai yabon da Setsu ta taɓa ambata da bakinta.

A sanyin ƙarshe na yaƙin yunwa ta shiga gari. Kifi na nan a teku, don lokacin manyan kifin sanyi ne, amma masu kamo shi suna can inda aka kai su. Dattawa suka zauna suka ce a fitar da jirgi ɗaya mai inji, tsofaffi su shiga. Da aka zo kan wa zai riƙe tuƙi, wani ya ce, wa kuwa ya fi wanda ya taɓa kawo jirgi gida ba tuƙi? Wasu sun faɗi haka da mugunta. Wasu kuwa sun ji labarin sau da yawa har sun manta asalinsa.

Genzo ya dawo gida fuska kamar tokar murhu. Ya samu Setsu tana yanka busasshen ganye a madafa, ya tsuguna kusa da ita.

"Uwar Mitsue, kin san ban taɓa fita teku da sanyi ba."

"Na sani."

"To ya zan yi?"

"Ka je ka ce musu bayanka ne."

"Na ce. Kurata ya ce a zaune ake tuƙi."

"To ka gaya musu gaskiya. Ka ce ranar kana kwance kana jiran miya."

Ya zuba wa wuta ido. Gashinsa ya fara fari, ya kai hamsin, kuma ban da labarin nan ba shi da wani abu a duniya da ake girmama shi saboda shi. Setsu ta gane ba zai iya ba. Ta tashi ta warware rigar sanyinta, ta kwashe audugar ciki ta ƙara a tasa, tana ɗinki tana zaginsa ƙasa-ƙasa, shi kuma yana riƙe mata zare.

Jirgin ya fita da safe, sararin sama garau. Kafin la'asar iska ta juya. Duhu ya yi bai dawo ba, gari ya waye bai dawo ba.

Abin da ya biyo baya, har yau tsofaffin Urashiba ba su son a tayar da shi. Duk tagar da ke kallon katanga an ɗan buɗe ta. Kowa na jiran ya ga Setsu ta fito ta tsaya. Kurata har ya aiko a tambaye ta ko tana son a buɗe akwatin gilashi. Ta ce wa ɗan aiken ya koma tun tana ganin mutuncinsa. Ta ɗauki shebur ta hau rufi. Kwana da kwanaki tana can sama tun fitowar rana, tana kwashe ƙanƙarar da ba ta kai a kwashe ba, har ta kankare rufin ya fito baƙi. Gari ya ce wannan mata ba ta da zuciya, mijinta a bakin mutuwa ita tana aikin gida. Fude ce kaɗai ta lura cewa daga kan rufin ana hango teku nesa fiye da daga katanga, kuma ta ja bakinta ta yi shiru.

An riga an fara maganar kiran mai addu'a daga haikali, sai ga tsofaffin a jirgin ƙasa. Injin ne ya mutu, iska ta yi ta jan su har ta jefar da su a wani ƙauye can arewa. Ɗaya daga cikin tsofaffin ya mutu a hanya, a jingine da kafaɗar Genzo. Shi Genzo kuma aka sauko da shi a kan ƙyaure, sanyi ya cinye masa yatsun ƙafa biyu, wani katako ya buge shi a ƙugu.

Setsu ta tare su a tasha. Ta dube shi, ta dubi ƙafar da aka naɗe.

"Ina kifin?" ta ce.

Genzo ya fashe da kuka a gaban jama'a, ita kuma ta sa gefen mayafinta ta rufe masa fuska har aka kai gida.

Yanzu yana da labarin teku na gaske, sai dai ba mai so. Bayan yaƙi, da baƙi suka fara dawowa, ya gwada ba su. Ya ce sun yi ta amai har babu abin amayarwa, sun sha ƙanƙarar da ta taru a cikin jirgi, shi kuwa kuka yake yana kiran uwarsa. Baƙin suka riƙa gyara zama, wani ya ce, "To Baba, ina wajen laimar?" Daga ranar bai sake zama a zauren masauki ba. Ciwon bayan kuma ya zama na gaske, ba ya duban lokaci, amma gari ya riga ya saba yi masa murmushi in ya dafa ƙugu. Setsu ce kaɗai ta san bambancin, ita ke gasa masa da tsumma mai zafi.

Shekaru bayan haka gari ya kafa dutse a bakin katanga don tunawa da hoton, aka gayyato Malam Isogai. Ya amsa, da sharaɗin sai ƙanƙara ta narke. Ya iso tsoho tukuf, siriri, da sanda. Katakan hoton na ainihi sun ƙone lokacin da Tokyo ta ƙone, amma an sassaƙa sababbi, don sojojin Amurka sun yi ta saye suna aikawa gida. Aka yi jawabai, aka zaunar da shi kusa da Setsu aka ɗauki hoto. Da taro ya watse suka rage su biyu a barandar masauki, shayi a gabansu.

Ta daɗe tana ajiye maganar nan, ta ga in ba yau ba sai yaushe.

"Malam, akwai abin da nake so ka sani kafin ɗayanmu ya mutu. Ranar nan ba jiran kowa nake ba. Yaji na yi. Zagi nake."

Tsohon ya kafa hannu a kunne, ta maimaita da ƙarfi. Sai ya fara wasa da kofinsa.

"Uwargida, tunda kin faɗi taki, bari in faɗi tawa. Ni ban ga kowa ba."

"Kamar ya?"

"Tagar ma sau ɗaya na buɗe. Na zana rufin gidaje da katanga a gurguje, na rufe. Katangar babu kowa. A Tokyo na sa matar, don mai buga hotunan ya ce wuri ba mutum ba ya sayuwa. Sunan ma shi ya raɗa. Da na ji an ce an samu matar a nan, kunya ta hana ni magana."

"Laimar fa?"

"Ta matata ce. A unguwarmu kowace mace na da irinta."

Shekara kusan talatin Setsu na fatan wani ya sauke mata hoton nan daga ka. Ga shi an sauke. Sai ta ji wani irin fushi ya taso mata, irin wanda ya taso ranar da ta faɗo daga rufi.

"Ƙarya kake, Malam."

"Uwargida?"

"Na ce ƙarya kake. Ni ce. Dubi kafaɗar nan yadda ta karkata, wannan kafaɗar mai ɗaukar kwandon kifi ce."

"Matata ma haka take tsayawa."

"Matarka ta taɓa shan iskar Urashiba?"

"Ba ta taɓa barin Tokyo ba, har ta rasu."

"To ka gani. Ita tana ɗaki tana shan ɗumi, ni na tsaya a wurin har yatsuna suka mutu, ni aka yi wa dariya, ni aka hana faɗa da mijina, ni aka sa jawabi. Yanzu ka zo da sandarka ka ce ba ni ba ce? Ka gan ni, tsufa ne ya sa ka manta."

Malam Isogai ya dube ta da kyau, karon farko a rayuwarsa. Ya ajiye kofi, ya sunkuyar da kai har ya kusa taɓa tabarma.

"Tunda kin faɗa, haka ne. Ni na manta."

Ta raka shi tasha washegari, ta ba shi ƙunshin busasshen kifi, ta ce ya jiƙa kafin ya gasa tunda ba shi da haƙora. Ba su sake haɗuwa ba.

Da ta koma gida Genzo na kwance rub da ciki. "Me kuka tattauna ke da mai zanen?"

"Ya ce ni ce, amma ya rage min ƙiba."

"Ai kuwa ya rage," in ji Genzo, ya yi dariya har bayan ya kama shi.

Ba ta gaya wa kowa abin da tsohon ya faɗa ba, sai Mitsue, ita ma sai da ta tsufa. Abin da mutane suka lura da shi kawai, daga wannan shekarar Setsu ta daina gudun baƙi. In suka tambaya ko ita ce, takan ce ita ce mana, wa kuma. In suka tambaya me take tunani a lokacin, takan ce ba maganar yara ba ce.

Genzo ya rasu yana barci, a wani lokacin fure. Mitsue, da ke aure can kudu inda lemo ke nuna a kan tudu, ta zo ta tafi da uwar. Setsu ta yi sanyi ɗaya a can, ta ce mutanen wurin ba su da aikin yi shi ya sa suke yawan gaisuwa, ta hau jirgi ta dawo. Shozo ya yi wa gidan rufin kwano mai santsi wanda ƙanƙara ke zamewa da kanta, ta yi sati ba ta yi masa magana ba.

Ta rasu a tsakiyar zafi, tana zaune a tsakar gida tana jera 'ya'yan itacen tsami a kan faifai don su sha rana kafin a mayar da su tulu. Matar Shozo ce ta same ta, ta ɗauka gyangyaɗi take. A shekarar ta cika tuluna fiye da yadda ta saba, kuma ta zuba gishiri da nauyin hannu, har ba a iya cin guda sai da shinkafa cike da kwano. Jikokinta sun yi ta cinsu suna yatsine fuska har suka gama makaranta.